Shawa mai kilowat 9.5 a Aboabo: wace waya da wace bireka suka dace da ita?

Tambaya: Wani magidanci daga Aboabo a Kumasi ya rubuto cewa ƙaninsa ya aiko masa da shawar lantarki daga Landan, irin wadda take ɗumama ruwa nan take yayin da yake ratsa cikinta, kuma an rubuta kilowat 9.5 a jikin kwalinta. Tsakanin akwatin rarraba wuta da banɗaki akwai tazarar kimanin mita 18, wayar kuma za ta bi ta cikin silin ne ƙarƙashin rufin kwano, sannan ta gangaro ta bututun roba da aka binne a bango. Mai gyaran wuta na farko ya ce masa waya mai lamba 6 da bireka mai amfiya 32 sun wadatar, na biyu kuwa ya ce a ja wutar daga layin iyakwandishan, wanda wayarsa mai lamba 2.5 ce, sai a sauya birekar da babba. Yana son sanin wanda zai bi.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. A irin hanyar da ka bayyana, wannan shawa tana buƙatar layinta ita kaɗai tun daga akwatin rarraba wuta, da wayar jan ƙarfe mai lamba 10, wato mai kaurin murabba'in milimita 10, da bireka mai amfiya 40 nau'in B, tare da na'urar RCD mai miliamfiya 30, wato na'urar da ke yanke wuta in ta fara yoyo ta jikin mutum ko ta ƙasa, muddin dai a kan bolt 240 kamfanin da ya ƙera shawar ya auna kilowat 9.5 ɗin nan. Shawarar mutum na biyu ka yi watsi da ita ɗungurungum, domin hanyar gobara ce. Ta na farko kuwa ba za ta ƙona maka gida ba, amma birekar ta yi wa shawar ƙanƙanta, kuma ranar da aka gaji da faɗuwarta aka sa babba a kan waya mai lamba 6 ɗin, to an koma cikin haɗari.

Lissafin yana farawa ne daga yawan wutar da shawar za ta ja, ana samunsa kuma ta hanyar raba wat da bolt. Wutar da kamfanin ECG yake kawowa gidaje a kan layi ɗaya bolt 230 ce a ƙa'ida, saboda haka wat 9,500 a raba da 230 zai ba da amfiya 41.3. Sai dai yawancin shawar da ake sayarwa a Ingila ana rubuta babban adadin ne a kan bolt 240, kuma in ka duba ƙaramar takardar da aka liƙa a jikin na'urar za ka iya ganin layi biyu, kilowat 9.5 a bolt 240 da kuma kimanin kilowat 8.7 a bolt 230. Dalili shi ne abin da ke ɗumama ruwan zaren ƙarfe ne kawai mai turjiya, in ƙarfin wuta ya ragu jansa ma raguwa yake yi. A bolt 240 zai ja amfiya 39.6, a bolt 230 kuwa kimanin 38. Wannan ɗan bambanci na amfiya biyu ko uku shi ne yake raba tsakanin bireka 40 da bireka 50, don haka kada a sayi komai kafin a karanta wannan takarda.

Abin da masu gyara da yawa suke juyawa baibai shi ne aikin birekar kanta. Ba don ta kare shawa aka sa ta ba, ba kuma don ta kare mai wanka ba. Wayar da ke binne a bango take gadi, don kada ta ɗauki abin da ya fi ƙarfinta har robar jikinta ta narke. Ƙa'idar da ke cikin kundin BS 7671 na Birtaniya da kuma IEC 60364 na ƙasa da ƙasa adadi uku ce da dole su jeru: abin da na'ura take ja kada ya wuce lambar bireka, lambar bireka kuma kada ta wuce abin da waya za ta iya ɗauka a ainihin wurin da aka shimfiɗa ta. Bireka ba ta faɗuwa da zarar an ɗara lambarta. An ƙera ta ne ta jure ƙarin kashi 13 cikin ɗari har tsawon awa guda ba ta faɗi ba, ta kuma faɗi cikin awa guda in ƙarin ya kai kashi 45. Amfiya 38 a kan bireka 32 ya faɗa tsakanin waɗannan biyun, shi ya sa mutum ɗaya zai iya yin wankansa lami lafiya, amma da safiyar Juma'a ko ranar Sallah, in iyali suka yi ta shiga ɗaya bayan ɗaya birekar ta ɗau zafi, sai ta yanke wa wani wuta da sabulu a ido. Nau'in B na ambata domin shawa ba ta da fizgar wuta a lokacin tashi irin ta injin famfo ko firji. B tana yankewa nan take in wuta ta kai ninki uku zuwa biyar na lambarta, C kuwa sai ninki biyar zuwa goma.

Yanzu sai batun waya, wanda nan ne gizo yake saƙar. A gidajenmu galibi wayoyi ɗai-ɗai masu rigar roba ake zurawa cikin bututu a binne a bangon bulo, kuma jadawalin da ake aiki da shi ya nuna cewa a irin wannan shimfiɗa waya mai lamba 2.5 tana ɗaukar amfiya 24, mai 4 tana ɗaukar 32, mai 6 tana ɗaukar 41, mai 10 tana ɗaukar 57, mai 16 kuma 76. Wanda ya tsaya a nan zai ce mai lamba 6 ta isa bireka 40, tun da 41 ya ɗara 40. Amma waɗannan adadi an tsara su ne bisa cewa zafin wurin da wayar take bai wuce digiri 30 a ma'aunin salshiyos ba, ita kuma robar an yi ta ne ta jure digiri 70 a jikin jan ƙarfen. Tazarar da ke tsakanin 30 da 70 ita ce damar da waya take da ita ta fitar da zafin da wuta ke haifarwa a cikinta. Duk lokacin da wurin ya ƙara zafi, wannan dama ta ragu, saboda haka a digiri 35 ana ɗaukar kashi 94 cikin ɗari na adadin jadawali, a digiri 40 kashi 87, a digiri 45 kashi 79, a digiri 50 kuwa kashi 71 kacal.

Duk wanda ya taɓa hawa cikin silin a Kumasi da azahar a watan Fabrairu ko Maris ya san cewa digiri 30 ba maganar wurin ba ce. Kwano yana gasuwa a sama, iska ba ta ratsawa, bututun roba kansa in ka dafa shi sai ka ji ya yi laushi. Ni a irin wannan wuri nakan yi lissafi da digiri 45. In aka yi haka, waya mai lamba 6 ta sauko daga amfiya 41 zuwa 32 da 'yan kai, ba ta isa ta zauna ƙarƙashin bireka 40 ba, mai lamba 10 kuwa ta sauko daga 57 zuwa 45, ta wuce da ɗan sarari. Ba sai dukan mita 18 ɗin sun bi ta silin ba kafin wannan hukunci ya hau kansu, domin wuri mafi zafi a kan hanya shi ne yake yanke wa dukan layin girmansa. Na sha jin ana cewa ai da asuba ake wanka da ruwan zafi, lokacin da silin ya huce. Gaskiya ne a mafi yawan ranaku, amma gidan da ke da mai jego ko tsoho ko marar lafiya ba ya rasa mai neman ruwan zafi da la'asar, kuma wayar da aka binne za ta yi shekara ashirin ko fiye tana aiki, ba wanda zai tuna cewa an sa ta ne da sharaɗin wankan asuba.

Akwai wani ragi na biyu da ake mantawa da shi, wato cunkoson layuka a bututu ɗaya. In layi biyu suka haɗu a bututu guda, kowanne yana ɗumama ɗan'uwansa, sai a ɗauki kashi 80 cikin ɗari na abin da ya rage, in uku ne kashi 70. Waya mai lamba 10 da ta tsira da amfiya 45 a silin, in aka cusa ta tare da layin iyakwandishan don gudun fasa bango, za ta koma 36, ta faɗi ƙasa da bireka 40. Saboda haka layin shawa ya samu bututunsa shi kaɗai, mai faɗin da zai ba wayoyi uku masu kauri damar wucewa ba tare da an kankare musu riga a kwana ba.

In kuwa takardar jikin na'urar ta nuna kilowat 9.5 a kan bolt 230 ne, jan ya zama amfiya 41.3, bireka 40 ta yi kaɗan ke nan, sai a tafi 45 in ana samunta a irin akwatinka, in babu sai 50. Da bireka 50, waya mai lamba 10 ba ta tsira a silin mai digiri 45, tun da ƙarfinta a wurin 45 ne. Ko dai a hau zuwa mai lamba 16, wadda take da tsada kuma da wuya bakinta ya shiga ramin ɗaurin wayar shawa, ko kuwa a sauya hanya a bi ta cikin bango da ƙasa a kauce wa silin gaba ɗaya, inda mai lamba 10 za ta riƙe fiye da amfiya 53 ko da zafin wurin ya kai digiri 35. Sau da yawa fasa bango ya fi sayen ƙarin jan ƙarfe sauƙi.

Tsawon hanya a wajenka ba matsala ba ne. Abin da aka yarda wuta ta zube a hanya shi ne kashi 5 cikin ɗari, wato bolt 11.5, kuma amfiya 40 a mita 18 na waya mai lamba 10 bolt 3.2 kawai zai zubar. Ko mai lamba 6 sai ta doshi mita 40 kafin ta taɓa iyakar, don haka wannan lissafi ya fi shafar mai kai wuta ɗakunan bayan gida.

Game da shawarar ja daga layin iyakwandishan, adadi kaɗan sun isa su nuna munin abin. Zafin da waya take haifarwa yana ƙaruwa ne da ninkin wutar a kanta, yana kuma ƙaruwa gwargwadon sirantakarta. Amfiya 40 a waya mai lamba 10 yana fitar da zafin kimanin wat 3 a kowace mita ta kowace waya, a mai lamba 2.5 kuwa kusan wat 12, ninki huɗu ke nan, a cikin rufaffen bututu, ga kuma bireka babba da aka sa mata wadda ba za ta ga laifin komai ba. Robar ba ta kamawa da wuta a ranar farko. Tana bushewa ne a hankali, ta yi baƙi, ta tsattsage, har ranar da wayoyi biyu za su haɗu a cikin silin inda katako da ƙura suke. Haka nan soket na bango iyakarsa amfiya 13 ne, kimanin kilowat 3, ba shi da hurumi a wannan aiki ko kaɗan.

Duk abin da na faɗa zuwa nan kariyar gida ce daga gobara. Kariyar rai kuwa aikin RCD ne da wayar ƙasa, kuma a nan ba na yarda da rangwame. Wutar da take iya hargitsa bugun zuciyar mutum ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya guda ba, musamman ga wanda yake jiƙe, ba takalmi, yana tsaye a kan tayil mai ruwa. Bireka mai amfiya 40 ba ta ma san an yi ba. Ita RCD tana gwada wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, in ta ga giɓin da ya kai miliamfiya 30 sai ta yanke cikin ƙiftawar ido. Muhimmancinta ya ƙaru a wajenmu domin gidaje da yawa sun dogara ne da sandar ƙarfe da aka kafa a ƙasa a bayan gida. A ce turjiyar sandar nan om 50 ce (om shi ne ma'aunin turjiya), wanda ba abin mamaki ba ne; in waya mai wuta ta taɓa ƙarfen jikin na'ura, abin da zai bi ta ƙasa amfiya 4.6 ne kawai, bireka 40 za ta zauna daram, ƙarfen kuma ya ci gaba da ɗauke da wuta yana jiran hannu. Ƙari a kan haka, da hunturu ƙasa take bushewa turjiyar sanda ta hau, a daidai lokacin da aka fi kunna ruwan zafi. Don haka a auna sandar da na'urar awonta ta musamman, a ƙara wata in ta kama, wayar ƙasa da za ta raka layin kuma ta zama kaurinta ɗaya da sauran biyun, ta tafi ba yankewa har cikin shawar. Ita RCD a zaɓi wadda za ta iya ɗaukar amfiya 40 ko 63, ko a sayi RCBO wadda ta haɗa aikin bireka da na RCD a jiki ɗaya, sannan a riƙa danna maɓallin gwajinta aƙalla sau biyu a shekara.

Makunnin shawa ya zama mai yanke waya biyu, mai wuta da nutural, mai amfiya 45 ko 50, a kafa shi a wajen banɗaki ko a yi amfani da irin na silin mai igiya. Ƙaramin makunni mai amfiya 20 da ake sa wa iyakwandishan da hitar tanki ba zai jure ba. A aikin da nake gani, mafi yawan ƙonewa a bakin ɗauri take faruwa, ba a tsakiyar waya ba. Za ka buɗe makunni ka tarar robar da ke kewaye da noti ɗaya ta koma ruwan ƙasa, jan ƙarfen ya yi baƙi-baƙi, ga wari kamar na ƙonannen kifi, alhali sauran notin suna nan fes; noti ɗaya ne aka bari bai ɗauru ba, amfiya 40 ya yi ta ratsa ɗan wurin da ya taɓa. A ɗaure kowanne tamau, a girgiza wayar domin silin jan ƙarfen da ke cikinta su zauna, a sake ɗaurewa. Haɗin murɗe da salatif a cikin silin kuwa haramun ne a wannan layi, waya ta tafi guda daga akwati zuwa makunni, guda daga makunni zuwa shawa.

Sai a kula da abin da za a sayo a kasuwa, domin lambar da aka buga a jikin riga ba kullum take daidai da abin da ke ciki ba, araha kuwa ba ta ado. Waya mai lamba 10 ta ƙwarai sili bakwai gare ta, kowanne kaurinsa milimita 1.35, mai lamba 6 kuma sili bakwai masu milimita 1.04, kuma mai gyara na kirki ba ya rasa abin auna wannan a jakarsa. A kankare sili ɗaya da wuƙa tun a shago. In fari ya bayyana ƙarƙashin jan, alminiyom ne aka yi wa fenti da jan ƙarfe, kuma duk lissafin da muka yi bai hau kansa ba. Akwai masana'antun waya a Tema, irin su Tropical Cable da Nexans Kabelmetal, saye daga dillalinsu na gaskiya a Adum ya fi kwanciyar hankali a kan nadin da ba a san asalinsa ba.

Kafin duk wannan, a duba ko gidan kansa zai ɗauki nauyin. A fuskar mitar wuta ana rubuta iyakar abin da za ta iya wucewa da shi, kamar amfiya 60 ko 80, akwai kuma fis ko babbar bireka a gabanta da wayar da ta taso daga falwaya. In shawa ta kwashe 40 daga cikin 60, abin da ya rage wa firji da dutsen guga da iyakwandishan da injin tura ruwa 20 ne. A gidan haya da ɗakuna da yawa suke kan mita ɗaya, wannan magana ba ta ma taso ba sai an nemi ƙarin ƙarfi daga ECG. Wanda kuma ya tanadi janareta ko inbata tun zamanin dumsor, wato lokacin yawan ɗauke wuta a Ghana, ya tabbatar an ɗauki layin shawa daga ɓangaren da ba ya komawa kansu, domin ƙaramin janaretan gida ba zai ɗaga kilowat 9 ba.

Ra'ayina kuwa, Alhaji, shi ne wannan na'ura ta fi buƙatar Kumasi girma. An yi ta ne don ƙasar da ruwan famfo yake saukowa ƙasa da digiri 10 da sanyi, inda sai an ɗaga shi da digiri 30 ko fiye kafin ya kai 40 na wanka, kuma a wannan hali kilowat 9.5 lita huɗu da rabi kawai yake bayarwa a minti. Ruwan da ya kwana a tankinka, a ce digiri 25 ne, ɗagawar digiri 15 kawai yake nema, kuma shawa mai kilowat 5.5 za ta ba ka fiye da lita biyar a minti a wannan zafi. Ita amfiya 24 take ja, bireka 25 ta ishe ta, waya mai lamba 6 kuma ta ɗauke ta cikin sauƙi ko ta silin aka bi, mai lamba 4 ma tana tsira amma da ƙyar, shi ya sa na fi son 6. Mai kilowat 3.5 amfiya 15 take ja, bireka 16 da waya mai lamba 4 sun wadatar da ita. Wankan minti goma da babbar a cikakken ƙarfinta yana cin kusan yunit ɗaya da rabi, da mai 5.5 kuwa bai cika yunit ɗaya ba, mai mitar kati zai ga bambancin tun kafin ƙarshen wata. Sannan irin waɗannan shawa na Ingila galibi suna neman matsin ruwa na kusan bar ɗaya, a ma'aunin matsi, kafin su kunnu, wanda yake daidai da tankin da ya ɗara kan shawar da mita goma. Tankin da ke kan ƙarfe mai mita uku ko huɗu ba zai ba da haka ba sai an sa masa injin turawa. A duba wannan a littafin na'urar tun kafin a fasa bango.

In ka zaɓi ka kafa kyautar ƙaninka yadda take, ba laifi, amma aikin ya zama a hannun mai takardar shaida. Dokar haɗa wayoyin lantarki ta 2011, wadda aka sani da L.I. 2008, ta ɗora wa hukumar Energy Commission alhakin tantance masu wannan sana'a a Ghana, kuma kana da ikon ka nemi ganin katinsa kafin ya taɓa akwatinka. Idan ya gama, ka tsaya a kansa ya auna lafiyar rigar wayoyin, ya tabbatar wayar ƙasa ta isa cikin shawar ba yankewa, ya auna turjiyar sanda da saurin faɗuwar RCD da na'ura, ya rubuta maka adadin a takarda, sannan ya manna alama a jikin birekar da ke nuna ta shawa ce da girman wayar da ke bayanta, don kada wani ya zo gaba ya sauya ta da wadda ta fi ta.